Matsalar hanji bayan gashin kansar furostet: kurakuran da maza suka fi yi

Idan namiji ya gama zaman gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, na kansar furostet, wadda da yawa ke kira kansar mafitsara, hankalinsa yana kan sakamakon PSA ne, gwajin jinin da ake bibiyar kansar da shi. Ba kasafai yake tuna cewa hanjinsa ma ya sha zafi ba. Furostet tana ƙarƙashin mafitsara, bayanta kuma manne yake da bangon ƙarshen hanji, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita. Duk ƙwarewar likita da kyawun na'ura, sai hasken ya ɗan taɓa wannan bango, ko zama 20 aka yi cikin mako huɗu, ko tsohon tsari na zama 37 zuwa 39.

Matsalar iri biyu ce. Ta farko tana zuwa tun ana cikin gashin, daga mako na biyu ko na uku: gudawa, majina a bayan gida, matsuwa, da jin kamar ba a gama ba. Yawanci takan lafa cikin makonni, da wuya ta wuce wata uku. Ta biyu ita ce mai shammatar mutane, domin sai bayan watanni, ko shekara ɗaya zuwa biyu, take ɓullowa, lokacin da mutum ya manta da zancen gashi. Ƙananan jijiyoyin jini na bangon hanjin ne suka yi laushi, da bayan gida ya goge su sai jini.

A nan babban kuskuren yake. Da mutum ya ga jini a masai sai ya ce basir ne ya taso, ya aika a sayo masa jiƙo wajen mai magani, ko ya tsaya gaban motar masu lasifika a kasuwa. Da yawa daga waɗannan jiƙe-jiƙe masu wanke ciki ne, sai su ƙara wa gudawar ƙarfi. Wanda ake cusawa ta dubura ya fi muni, musamman idan da kanwa ko wani abu mai zafi a ciki. Mafi haɗari kuwa shi ne a yarda a yanke basir, ko a ɗaure shi, ko a yi masa allura ba da sanin likitan da ke kula da kansar ba. Naman da aka gasa ba ya warkewa kamar sauran nama; ɗan rauni kaɗan na iya zama gyambo. Basir na gaskiya yana iya kasancewa tare da matsalar, ba a musa ba, amma ba a gane wanne ne wanne daga kallon masai.

Akwai kuma masu yin akasin haka. Wani ya ce ai gashin ne, likita ma ya faɗa, sai ya share. Wani ya yanke wa kansa hukunci cewa kansar ce ta bazu, ya shiga rubuta wasiyya. Duka biyun hasashe ne. Gyaran shi ne a leƙa hanjin da na'ura mai kyamara, domin mutumin da ya haura shekara 60 yana iya samun tsiro ko kansar hanji wadda ba ruwanta da furostet, kuma shi ma gashin yana ɗan ƙara wannan haɗari bayan shekaru. A kuma duba yawan jini. Jinin da ke ɗiga kaɗan-kaɗan na watanni yana ƙarar da mutum, sai ka ga dattijo yana haki daga gida zuwa masallaci, ana cewa tsufa ne.

Kuskure na gaba ya samo asali ne daga nisan hanya. Wuraren gashi ba su da yawa a ƙasashenmu. Mutum ya je Shika ko Sakkwato ko Abuja ko Yamai, wani ma Masar ko Indiya, ya gama ya dawo garinsu. Da matsala ta taso sai ya je asibitin kusa, bai ambaci gashin ba, likitan kuma bai tambaya ba. Kalmar farko da ya kamata ta fito daga bakinsa ita ce: likita, an yi mini gashi a mara a shekara kaza. Ya riƙe takardar sallama mai nuna irin gashin da yawan zaman, ɗansa ya ɗauki hotonta a waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai leƙa hanji idan ya sani zai yi taka-tsantsan wajen tsinko nama daga bangon da ke jikin furostet. Tsinka a wurin na iya buɗe kafa tsakanin hanji da hanyar fitsari, musamman ga wanda aka dasa wa ƙwayoyin gashi a cikin furostet ɗin.

Sai kemis. Duk gudawa a wurinmu atini ce, maganinta Flagyl da kafso. Likita na iya rubuta Flagyl a wasu lokuta, amma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai shi kansa yana kawo gudawa. Masu ciwon gwiwa da ke shan diclofenac ko ibuprofen su sani suna ƙara zubar jini. Wanda kuma ke shan aspirin ko warfarin ko clopidogrel saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa don ya ga jini, ya bari likitoci su auna. Loperamide, maganin tsayar da gudawa, yana taimakawa ƙwarai, har wasu kan sha kafin doguwar tafiya, amma ba a shan sa idan da zazzaɓi ko ana zargin toshewar hanji.

Wajen abinci, iyali kan wuce gona da iri: a hana maigida komai sai kunu, har ya rame. Ya fi kyau a cire abu ɗaya na mako biyu a gani. A fara da yaji da barkono, sai shayi mai kauri da goro da lemon kwalba, sai madara da nono, sai wake idan iska ce ta dame shi. Abin da bai canja komai ba a mayar da shi. Kada a rage ruwa don tsoron gudawa, domin taurin bayan gida da yunƙuri su ne ke fasa jijiyoyin nan. Tsarki da ruwan buta da muka saba ya fi goge-goge da takarda, a dai busar da wurin a shafa man kariya.

Abin da ya fi cin rai, a ganina, shi ne shirun. Dattijo ya daina zuwa jam'i, ya daina zaman majalisa da ɗaurin aure, saboda iska ko ɗan bayan gida na kuɓuce masa, kuma ko matarsa bai faɗa wa ba. Likita ya tambaye shi yaya jiki, ya ce Alhamdulillahi. Godiya ga Allah ba ta hana bayani. Fiƙihu ya yi wa mai irin wannan lalura sauƙi a alwala, ya tambayi malaminsa. Akwai kuma atisayen matse dubura kamar mai riƙe tusa, a riƙe na daƙiƙa biyar zuwa goma a saki, sau goma, sau uku a rana. Sai an yi kamar wata uku ana yi kafin a ga amfaninsa.

Jinin ma yana da magani: akwai sucralfate da ake kaɗawa da ruwa a ɗura ta dubura, akwai ƙona jijiyoyin da iskar argon ta cikin na'urar leƙa hanji, akwai formalin da ƙwararre ke shafawa a wurin, sannan maganin ƙara jini. Amma idan jinin ya zo da yawa ko da gudaji, ko da jiri, ko ciki ya kumbura da amai ba bayan gida, ko aka ga iska ko bayan gida na fita ta hanyar fitsari, ba a jiran ranar ganin likita, asibiti za a nufa a ranar.