Maganin mayar da jiki na mace: kurakuran da na gaji da gani

Mata-maza aka haife ni, a Daura. Sunan namiji aka raɗa mini, sai da na kai shekara 19 likitoci a Kano suka gama bincike, aka zauna da iyayena da malamin unguwarmu, aka tsaya a kan cewa mace ce ni. Tun lokacin nake kan istirojin, sinadarin da ke ba jiki siffar mace. Shi ne kuma ake ba masu sauya jinsi a ƙasashen waje, yawancin lissafin watannin da likitoci ke amfani da shi ma daga bin lafiyarsu aka samo. Masu irin halittata kan neme ni a asirce, kuma kusan duk wadda ta zo, ramin da na faɗa shi take dosa.

Babban ramin shi ne ƙwayar tsarin iyali. Likita ya rubuta mini estradiyol, wato irin istirojin da jiki ke yi da kansa, na sha wata 2, na tsaya gaban madubi ban ga komai ba. Wata ƙawa ta ce ai ƙwayar hana haihuwa ta fi sauri, ga araha, ga ta a kowane kemis ba sai da takarda ba. Na koma kanta, har ina haɗiye biyu a rana. Wata safiya na tashi sharaɓar ƙafata ta hagu ta kumbura ta yi zafi, ko takawa ba na iyawa. Inna ta ce sanyi ne, aka shafa man zafi. Da aka kai ni asibiti aka ɗauki hoto, ashe jini ne ya daskare a jijiya. Likitan ya ce da gudan jinin nan ya ɓalle ya tafi huhu, da tuni ana zaman makoki. Wata 6 na yi ina shan maganin tsinka jini, an kuma dakatar mini da istirojin ɗin gaba ɗaya, wato gaggawar da na yi ita ta mayar da ni baya.

Ku ji dalili, don na gaji da jin "ai duk ɗaya ne". Yawancin ƙwayoyin tsarin iyali etinil estradiyol ne a ciki, wani istirojin da aka sauya wa siffa, ya fi estradiyol zalla sa jini daskarewa nesa ba kusa ba, shi ya sa likitocin wannan fanni suka daina ba da shi don wannan aiki. Kuma gwajin jinin da aka saba yi ba ya nuna yawansa, kina sha ne a makance. Da estradiyol kuwa ana aunawa, ana son ya zauna tsakanin 100 da 200 a ma'aunin da ake rubutawa pg/mL, testosteron, wato sinadarin maza, kuma ya sauka ƙasa da 50 ng/dL, ana duba jini duk wata 3 a shekarar farko. Ninka ƙwaya ba ya ƙara girman nono, haɗari kawai yake ƙarawa. In kina da sikila, ko kina shan sigari ko shisha, ko kin haura 40, ki faɗa wa likita tun ranar farko. Ni yanzu na mannawa a fata nake amfani da shi, tunda ba ya bi ta hanta kamar ƙwaya.

Abin da ya kamata ki sa rai da shi, a hankali yake zuwa. Nono kan fara tsirowa tsakanin wata 3 zuwa 6, da ɗan ƙullutu mai zafi a bayan kan nonon, ba ya gama girma sai shekara 2 zuwa 3, kuma sau da yawa madaidaici ne. Fata ta yi laushi, maiƙon fuska ya ragu, kitse ya riƙa komawa ƙugu da cinya, ƙarfin damtse ya ragu. Jarkar ruwan da nake ɗauka da hannu ɗaya, yanzu sai na yi nishi. Sha'awa kan sauka tun watannin farko, hawaye kuma ya zo kusa.

Murya fa? Wallahi ba ta canzawa. In ta riga ta buɗe lokacin balaga, ko kwali guda kika shanye tana nan. Horo ne ke gyara ta, ni da karatu a bayyane na yi nawa, kullum bayan sallar asuba. Tsawo da faɗin kafaɗa ma magani ba ya canza su. Gashin gemu yana rage saurin fitowa, amma ba ya ɓacewa, sai an cire shi da na'ura. Na ga yarinyar da ta zubar da maganinta a masai saboda wata 4 sun wuce muryarta ba ta sirance ba. Haba ƙanwata, wa ya ce miki aikinsa ke nan?

Sai sipironolakton, wanda ake haɗawa don danne sinadarin maza. Asalinsa maganin hawan jini ne mai sa fitsari, yana kuma tara fotasiyam a jini, wani sinadari da yawansa ke da haɗari ga zuciya. Wani azumi da ya faɗo cikin zafin Afrilu, na ci gaba da shansa da sahur ban tambayi kowa ba, ga dabino da ayaba da buɗa baki, duka cike da fotasiyam. Ranar 9 ga wata jiri ya kayar da ni a tsakar gida kafin la'asar. Yanzu tun Sha'aban nake zuwa a auna ni a gyara mini lokacin sha. Kada kuma ki haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen yadda aka saba yi da ciwon jiki.

Hulba da garin ƙara nono na masu talla a TikTok asarar kuɗi ne. Sha-ka-fashe kuwa kumburi yake kawowa, da ciwon suga da hawan jini. In akwai maganar haihuwa a ranki, a yi ta kafin a fara magani, don yana iya tsayar da ita, ba lallai kuma ta dawo ba.

Wadda aka yi wa tiyata aka cire 'ya'yan maraina, kamar ni daga baya, ba ta da damar ajiye maganin don jiki ya yi yadda take so. Jikinta ba ya yin isasshen sinadarin da kansa, in ta bari ƙashi ne zai riƙa zaizayewa shiru, ga zafin jiki da gumin dare. Ni kwalin wata 2 nake ajiyewa gaba, a cikin kwabar Inna inda rana ba ta kaiwa, saboda an taɓa yin sati 3 ana nemansa a Katsina ba a samu ba, sai da yayana ya sa direban mota ya kawo mini daga Kano.