Yadda Ake Kwaikwayon Gudanar Mai a Ƙarƙashin Ƙasa da Kwamfuta

Mutane da yawa suna zaton man fetur yana kwance ne a wani tafki a ƙarƙashin ƙasa, sai a zura bututu a zuƙo. Ba haka abin yake ba. Man yana maƙale ne a ƙananan kafofin dutse, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soso, sau da yawa a zurfin kilomita biyu ko uku. Ido ba ya kaiwa can. Shi ya sa injiniyoyi ke gina samfuri, wato siffar wannan ma'ajiya ta mai, a kwamfuta, su sa mai da ruwa da iskar gas su gudana a cikinta da lissafi, kafin a kashe kuɗin haƙa sabuwar rijiya. Ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na farko: san tambayarka. A ina za a haƙa rijiya ta gaba? Ruwa za a tura don koro man, ko gas? Tambayar ce ke nuna irin samfurin da za ka gina. Idan sinadaran man ba sa canjawa sosai, samfurin "baƙin mai" ya wadatar, wanda ke kallon abu uku kacal: mai, ruwa da gas. Idan kuwa gas za ka tura ya narke cikin man, sai ka koma ga samfurin da ke bin kowane sinadari daban, mai cin lokaci da ƙarfin kwamfuta.

Mataki na biyu: tara bayanai. Daga dutsen kana buƙatar abu biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Ɗaya shi ne yawan kafofi, wato kashi nawa cikin ɗari na dutsen ne fanko. Ɗayan shi ne sauƙin ratsawa, wanda ake aunawa da milidarsi. Dutse na iya cika da kafofi amma ba su haɗe da juna ba, man yana nan, hanyar fita ce babu. Ana samun waɗannan daga guntayen dutsen da aka ciro daga rijiya, da na'urorin awo da ake zurawa a cikinta, da binciken da ake yi ta hanyar tura sauti cikin ƙasa a saurari amsa-kuwwarsa. Sai gwajin ɗakin bincike a kan man kansa: kaurinsa, da matsin da idan aka sauko ƙasa da shi gas ke fara ɓallewa daga jikin man. Kada ka manta da jadawalin da ke nuna yadda ruwa da mai ke tare wa juna hanya a kafa ɗaya. A ganina wannan jadawalin ya fi kowane bayani saurin ɓata sakamako, domin daga ɗan guntun dutse ake auno shi, a ɗora wa fili mai faɗin kilomitoci.

Mataki na uku: yanka ma'ajiyar ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki yana da matsinsa ɗaya da kasonsa na mai, ruwa da gas. Ɗakuna manya suna sa lissafi ya yi sauri, amma suna baza gaban ruwan da ke tahowa, har ya nuna ya iso rijiya kafin lokacinsa. Ƙanƙanta su kusa da rijiyoyi da tsagogin dutse, ka bar su manya a nesa.

Mataki na huɗu: ɗora lissafin. Doka biyu ce ke riƙe da komai. Ta farko, abu ba ya ɓacewa: abin da ya shiga ɗaki, a debe abin da ya fita, shi ne abin da ya ƙaru a ciki. Ta biyu ita ce dokar Darsi, wadda injiniyan Faransa Henri Darsi ya fitar a 1856 bayan ya gwada wucewar ruwa ta cikin yashi a garin Dijon. Ta ce gudu yana ƙaruwa da bambancin matsi da sauƙin ratsawa, yana raguwa da kaurin abin da ke gudana. Kwamfuta na warware waɗannan a dukkan ɗakuna, taku bayan taku na lokaci. Akwai hanyar IMPES, mai warware matsi tukuna sannan ta lissafo kason ruwa da mai. Tana da sauƙi amma sai da gajerun taku, in ba haka ba lissafin ya rikice. Hanyar warware komai a tare ta fi nauyi, amma ta fi jure dogon taku, musamman kusa da rijiya.

Mataki na biyar: saka rijiyoyi. Faɗin rijiya bai kai rabin mita ba, ɗakin da take ciki kuwa na iya kai mita 100. Donald Peaceman ya nuna a 1978 cewa matsin ɗakin ya yi daidai da matsin da ke nisan kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ɗakin daga rijiyar. Har yau a kan wannan manhajoji ke ɗaure rijiya da ɗakinta.

Mataki na shida: gwada shi a rufe. Rufe dukkan rijiyoyi, ka kunna samfurin na wasu shekaru. Bai kamata komai ya motsa ba. Idan ya motsa, akwai kuskure a yadda ka jera gas a sama, mai a tsakiya, ruwa a ƙasa.

Mataki na bakwai: daidaita shi da tarihi. Nan ne aikin yake. Ka ba samfurin adadin man da aka riga aka haƙo, ka ga ko zai maimaita matsin da aka auna da lokacin da ruwa ya fara fitowa a kowace rijiya. Fara da matsin ma'ajiyar gaba ɗaya, sannan ka sauko rijiya-rijiya. Gyara abin da aka fi shakka a kansa, kamar girman ruwan da ke tallafe da man daga ƙasa, ko wani tsago yana toshe hanya ko yana buɗe. Ina roƙonka, kada ka ninka sauƙin ratsawa sau goma a gefen rijiya ɗaya don kawai layuka su haɗu a kan allo. Samfura daban-daban na iya dacewa da tarihi ɗaya, su kuma saɓa a kan gobe. Duk gyaran da masanin duwatsu ba zai yarda da shi ba, jefar da shi.

Mataki na takwas: hasashe. Gudanar da tsarin da ake kai yanzu, sannan ka kwatanta shi da sauran dabaru. Miƙa sakamako uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama, ba lamba ɗaya ba.

Kamfanoni na aiki da manhajoji irin su ECLIPSE, tNavigator da na kamfanin CMG, amma mai koyo na iya farawa kyauta da OPM Flow, ko MRST na cibiyar SINTEF ta Norwe. Fara da SPE1, samfurin gwaji da ƙungiyar injiniyoyin man fetur ta SPE ta wallafa a 1981: ɗakuna 300 ne kacal, ana tura gas a kusurwa ɗaya ana jan mai a ɗaya kusurwar. Canja abu guda a kowane zagaye, ka rubuta abin da kake tsammani zai faru kafin ka danna maɓalli.