Yadda Ake Aiki da Yaro Mai Nauyin Baki da Mutanen Gidansu

Da wuya uwa ta shigo ita kaɗai. Yawanci kaka ce a gaba, uwa na biye da goyo, shi kuma yaron da aka zo dominsa ya maƙale a zanin ɗayarsu yana leƙenka ta gefe. Shekararsa uku, kalmominsa ba su wuce biyar ba. Kafin su iso wurinka an riga an sha rubutu, an kai wa wanzami ya duba linzami, wani kawu kuma ya ce a ƙyale shi, ai babansa ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe.

Wannan bayani na mai shirin shiga aikin gyaran maganar yara ne, wanda mutane ke kira likitan magana, da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da aikin ke faɗowa kansu don babu ƙwararre a kusa. A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma da yawansu ta sashen ilimin masu buƙata ta musamman suka biyo, a jami'o'i irin na Ibadan da Jos. Amma akwai lissafin da ya kamata ka riƙe tun kafin takarda: mako ɗaya awa 168 ne, kai kuma in ka samu awa ɗaya da yaron ka yi sa'a. Sauran duk a gida yake yin su. Saboda haka rabin aikinka, ko fiye, a kan manya yake.

Mataki na farko: ka saurari tarihin, kada ka taɓa yaron tukuna

Ka gaida kaka yadda ya kamata, ka bar ta ta fara. Ka ajiye wa yaro kwano da cokali da 'yar mota a kan tabarma, ka yi kamar ka manta da shi.

Sannan ka bi tambayoyi a hankali. Ya yi kuka da aka haife shi, ko sai da aka sha fama? Ya yi shawara a makon farko, har idonsa ya yi ɗorawa? Ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, hangum, ko zazzaɓi mai sa jijjiga? Kunnensa na zubar da ruwa? An taɓa yi masa allurai masu ƙarfi yana jariri? Wasu magunguna irin su gentamicin suna iya taɓa ji. Yaushe ya zauna, yaushe ya taka? Akwai kurma ko mai in'ina a dangi? Yana ƙwarewa in yana cin abinci, ko nono ya taɓa fitowa ta hancinsa?

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: wa yake wuni da shi? Sau da yawa amsar ba uwa ba ce. Wata 'yar shekara tara ce ke goyonsa, ko kuwa wayar hannu ce ke rainonsa. In ɗan fari ne, ka lura da alkunya. Akwai gidajen da har yau uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zauna tana yi masa wasa a gaban surukai. Kada ka ce mata ta yi laifi, ba ta yi ba. Ka dai gane cewa in ka ɗora mata aikin duka, a bakin ƙofa za ta ajiye shi.

Na biyu: kunne

Ba a fara koyar da magana sai an tabbatar yaro yana ji. Iyaye za su ce, "Ai yana ji, in an buga ƙofa yana juyowa." Ƙarar ƙofa daban, sautin "s" da "sh" da "f" daban. Yaro na iya jin tsawa da kukan babur, amma maganar mutane ta riƙa zo masa kamar daga cikin randa. Tafa hannu a gabansa kuwa ba gwaji ba ne, domin idonsa ya gani.

Kai da kanka kana iya tsayawa a bayansa, inda ba ya ganin bakinka, ka furta sautuka shida ɗaya bayan ɗaya da murya ta yau da kullum: a, u, i, m, sh, s. Ka duba wanne ya juyo wa, wanne ya wuce shi. Wannan haske kawai yake ba ka. Gwajin gaskiya na asibiti ne: akwai OAE mai duba aikin can cikin kunne, da ake yi cikin 'yan mintuna ko da jariri na barci, akwai ABR mai auna yadda sauti ke isa ƙwaƙwalwa, akwai kuma na duba ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa su ne wuraren turawa. Yankinmu yana cikin zirin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin zafi, kuma kurumta na cikin abin da yake bari. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada kunnensa, ko da kowa ya rantse yana ji.

Na uku: ka sauka kan tabarma

Yanzu ka koma wurin yaron. Ka zauna ƙasa, idonka daidai da nasa. Abin da kake nema ya wuce yawan kalmomi. Yana kallon fuskarka? In ka kira sunansa yana waiwayowa? Yana nuna abu da yatsa don kawai ka gani tare da shi? Yana ɗaukar cokali ya yi kamar yana ba 'yar tsana abinci? Ka ce masa "ɗauko takalmi" ba tare da ka nuna ko ka kalli wurin ba, ka ga ko ya gane. Uwaye kan taimaka da ido ba su sani ba, sai ka roƙi Maman yaro ta ɗan kau da kai.

Ma'aunin da ake bi kusan ɗaya ne ko'ina. Wajen wata 6 zuwa 9 jariri na gwaranci, ba-ba-ba, da-da-da. Wajen shekara ɗaya kalmar farko. A shekara biyu kalmomi kamar 50, ya fara haɗa biyu: "ba ni", "Baba tafi". A shekara uku baƙo ya gane mafi yawan abin da yake faɗa. In yana jin Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Turanci, ka haɗa kalmomin harsunan biyu ka ƙirga. Jin harshe biyu ba ya hana yaro magana, kada ka yarda a ce wa kaka ta daina yi masa Fulatanci.

Daga nan za ka iya rarrabewa. Wani yana fahimtar komai, fitarwar ce ta makara. Wani fahimtar ma ba ta zauna ba, wannan ya fi buƙatar aiki. Wani yana surutu sosai amma tsamin baki ya hana a gane shi. Wani in'ina ce. Wani kuma ba ya kallon mutane, ba ya nuni, yana jera abubuwa yana maimaitawa, ko ya taɓa samun kalmomi suka ɓace. Wannan na ƙarshe a haɗa shi da likitan yara ba tare da jira ba, domin a duba otizim, wato lalurar da ke taɓa mu'amalar yaro da mutane, da sauran lalurori. Ka leƙa bakinsa da tocila ka duba ganɗa. In a tsage take, tiyata ce farko, kuma ƙungiyar Smile Train na ɗaukar nauyin irin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama a Najeriya.

Batun linzami da belu: zaren ƙarƙashin harshe, ko ya yi gajarta, ba ya hana yaro sanin kalma. Yanka shi ko cire belu a gida ba ya kawo magana, sai dai zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Ka faɗi haka da ladabi, domin mai yiwuwa kakar da ke zaune gabanka ita ta biya wanzamin.

Na huɗu: ka gaya musu, ka kuma zaɓi abu ƙanƙani

Kada ka yi alkawarin rana. Ka fara da abin da yaron ya iya: "Inna, kin ga yadda ya kawo min takalmin nan? Yana fahimta, alhamdulillahi. Abin da ya rage mu buɗe masa hanyar fitarwa." In uban bai zo ba, ka nemi ya zo zama na gaba ko ku yi magana ta waya, domin kuɗin mota da izinin fita a hannunsa suke.

Sannan ku zaɓi kalmomi biyar zuwa goma waɗanda za su biya wa yaron buƙata yau: ruwa, ƙara, ba ni, buɗe, zo, babu. Ban da launuka, ban da ABCD. Yaron da bai iya neman ruwa ba, me zai yi da "ja" da "kore"?

Na biyar: ka koya wa mai riƙe da shi

Nan ne aikin yake. Ka yi a gabansu, sannan ka matsa gefe su yi kana kallo.

Ɗauki cin ƙosai. Maimakon a miƙa masa leda duka, a ba shi guda ɗaya. Ya cinye, ya ɗago kai. A nan kowa ke gaggawa, kai kuma a nan za ka ce a dakata. A kalle shi, a riƙe ƙosan kusa da fuska, a ƙirga goma a zuci. Shirun nan yana yi wa manya nauyi ƙwarai, za ka ga bakin kaka na motsi. In ya miƙo hannu ko ya ce "a", an samu: a ce "ƙara!" a ba shi nan take. Ba a hana shi abinci don bai furta ba. Gobe "a" ɗin na iya zama "aya", jibi "ƙaya". Duk karɓaɓɓu ne.

A rage "ce kaza, ce kaza" da "mene ne wannan?" Yaro ya san jarrabawa in ya ji ta, sai ya rufe baki. A riƙa faɗin abin da yake yi a lokacin da yake yi. Wurin wanka: "ruwa... sanyi!... sabulu... wanke ƙafa." A ba shi zaɓi yana ganin abin biyu: "kunu ko shayi?" In ya faɗi kalma ɗaya a mayar masa da biyu: ya ce "mota", a ce "mota ta tafi". In ya ce "yuwa", kada a ce ba haka ba ne, a ce "e, ruwa" a wuce.

Yayyensa su ne manyan ma'aikatanka, in ka iya da su. Su ne kuma masu yi masa magana a madadinsa: kafin ya buɗe baki sun ce "ruwa yake so". Ka ba su matsayi, ka ce su ne malamai, aikinsu su jira. Tatsuniya ma kayan aiki ce. A ce "ga ta nan, ga ta nanku", a yi shiru, kowa ya kalle shi. Ko "ta" kaɗai ya ce, ya karɓi juyinsa.

Waya kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In ka ce a ƙwace gaba ɗaya ba za a yi ba. Ka fara da lokacin cin abinci da kafin barci.

Na shida: in matsalar furuci ce ko in'ina

Kafin ka gyara sauti, ka saurari bakin iyayen. Basakkwace mai cewa "tahi" da "hwari" bai yi kuskure ba, haka ɗan zongo a Kumasi da ba ya bambanta "k" da "ƙ". Katunan gwaji da aka buga a Ingila ko Amurka ba su san ɓ, ɗ, ƙ da ts ba, don haka ka haɗa naka hotunan da abubuwan gida.

Yaron da ke mayar da "k" ta koma "t", ka fara da kunnensa. Ajiye hoton kaza da na mace tana taza, ka ce "nuna min kaza". In ya bambance, sai ka koya masa sautin shi kaɗai a gaban madubi, baki a buɗe, kan harshe a ƙasa. Daga nan ka, ki, ku, sai kalma, sai gajeriyar jimla. Minti biyar sau biyu a rana ya fi awa guda ranar Asabar. "R" kuwa tana cikin masu zuwa a makare, kada ka takura wa ɗan shekara uku a kanta.

In'ina takan fara tsakanin shekara 2 da 5, kuma mafi yawan yara tana barinsu. A daina cewa "nutsu, ja numfashi", a daina ƙarasa masa magana, a hana yara kwaikwayonsa. Manya su rage saurin nasu bakin. Ka je wurin malamin Islamiyya da kanka ka yi masa bayani: zai ga yaron yana karatu sumul cikin jama'a amma ya sarƙe in an tashe shi shi kaɗai. Haka in'ina take, ba iskanci ba ne, bulala kuma ƙara ta take yi. In ta wuce wata shida, ko akwai ta a dangi, ko yaron ya fara runtse ido yana gudun magana, a fara aiki na musamman a kanta.

Na bakwai: bibiya

Ka ba su ƙaramin littafi, a riƙa rubuta kowace sabuwar kalma yadda yaron ya furta ta, da boko ko da ajami. Waɗanda ke nesa su turo gajeren bidiyo ta WhatsApp, na minti ɗaya, lokacin wanka ko cin abinci. A bidiyon ka fi kallon babban da ke tare da shi: ya jira, ko ya cika wurin da tambayoyi?

Bayan wata uku ku zauna ku duba littafin. In ya cika, a ƙara buri. In shafin farko ma bai cika ba, a sake gwada kunne, a koma wurin likitan yara, a kuma ba yaron wata hanyar isar da saƙo: allon hotuna na kofi da buta da tabarma da zai riƙa nunawa, ko alamun hannu. Iyaye kan ji tsoron hakan zai sa ya ƙi magana, amma alama da hoto ba sa toshe baki, sau da yawa ma su ke jawo kalmar. In kuma gwaji ya nuna kurumta mai tsanani, ku tattauna na'urar ƙara ji, ka kuma haɗa su da kurame manya masu maganar hannu da makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, tun yaron bai kai shekarun shiga aji ba.