Tsatsa ta ci casis ɗin tsohuwar motarka? Ga yadda ake yanke wajen a sa sabon ƙarfe

Masu tsofaffin Pijo 504 da Landuroba a nan Jos, kafin ku kashe kuɗi a fenti da sabbin kujeru ku leƙa ƙarƙashin motar tukuna. Landuroba ma ta fi yaudara, tunda bodinta na alminiyom ne baya tsatsa, sai ka ganta fes a sama alhali casis ɗin ƙarfen da ke ɗauke da ita ya gama ruɓewa, musamman can baya da wajen da sifirin yake kamawa, don nan taɓon damina yake maƙalewa ya ƙi bushewa. Ita 504 salun, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ba ta da casis daban, a jikin bodin yake, kuma ƙarfenta ya fi siriri.

Fara wanke ƙasan, ka kankare da burushin waya, sannan ka bi ko'ina da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bus, wani wajen ma sukundireba kawai zaka danna ta shige. Ka zagaye wajen da alli, ka ƙara kamar inci ɗaya ko biyu cikin mai kyau, saboda irin wannan casis ɗin mai kama da akwati daga ciki tsatsa take cinsa, ramin da kake gani a waje ƙarami ne a kan ɓarnar da ke ciki.

Kafin wuta ta taɓa motar a cire kan batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa (tankin da babu mai a ciki sai tururi ya fi cikakke haɗari wallahi), a janye bututun mai da na birki da wayoyi, kafet ɗin da ke saman wajen ma a ɗaga shi. A ajiye abin kashe gobara kusa. Kuma don Allah kar a bar mota a kan jak kaɗai mutum ya shiga ƙasa, a tokare ta da tsayayyun ƙarafa a kan siminti mai daidai.

Sai awo. Ka sa tef daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake yin ɗaya ɓangaren, ka rubuta. Ka ɗan ɗana angul ayon (ƙarfen nan mai kusurwa kamar L) da walda ya riƙe gefe da gefen inda zaka yanke, in ba haka ba kana yankewa casis ya saki, ka gama aiki ƙofa ta ƙi rufuwa mota tana tafiya a karkace tana cin taya.

Toh ga inda nake faɗa da wasu masu walda. Abin da suka saba shi ne su ɗora faranti a kan ramin su zagaye shi da wuta, a shafa baƙin fenti, oga ya biya ya tafi. Wannan ba gyara ba ne, an yi wa tsatsa ɗaki ne kawai, ruwa zai shiga tsakanin ƙarfen biyu ta ci gaba da aikinta ba mai gani. A yanke ruɓaɓɓen duka da giranda har sai bakin yankan ya fito fari yana ƙyalli da cikakken kaurinsa. A ɗora kwali a fitar da siffar ramin, a yanko sabon ƙarfe da shi ya zauna cif, baki da baki. Kaurin ya zama ɗaya da na asali, yanko guntun mai kyau ka tafi da shi wajen masu ƙarfe a Dilimi ko Katako a gwada, wanda ya fi kauri da yawa baya lanƙwasa tare da sauran sai gefen waldar ya tsage. Kar a yi yankan a miƙe daga sama zuwa ƙasa, a karkata shi, kusurwoyin kuma a zagaye su, daga kusurwa mai kaifi tsagewa take farawa. In lambar casis na kusa da wajen a kauce mata, kar ka jawo wa kanka bayani a hannun VIO.

Injin walda na MIG, wanda yake aiki da waya da iskar gas maimakon sanda, mai waya milimita 0.8 ya fi dacewa in an samu. In na sanda ne irin wanda ya cika gari, sandan walda mai lamba 6013 mai geji 12 zai yi a ƙarfen da ya kai milimita 2 zuwa 3, a rage wuta, amma a siririn ƙarfen 504 huda shi zai yi ta yi, nan aikin ƙwararren fanel bita ne. A fara ɗiga walda a kusurwoyi, a sake awo, sannan a riƙa yin inci ɗaya nan a tsallaka can a bari ya huce da kansa, ban da watsa ruwa. In farantin mai ruwan zinki ne a goge bakinsa tukuna, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Wajen da ke ɗaukar nauyi, kamar kusa da sifirin, bayan an gama sai a ƙara faranti mai siffar lu'ulu'u, wato mai faɗi a tsakiya mai tsukewa a bakinsa biyu, a sama ya haye mahaɗar, a zagaye shi da walda ruf. Wannan daban yake da liƙin da na ce, don a kan lafiyayyen ƙarfe yake zaune.

Kar a goge waldar har ta siririce don neman kyau, ba mai leƙawa can. A kankare dattin, a shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu, sai baƙi a kai. A buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa, a fesa mai ko kakin hana tsatsa cikin casis ɗin, tunda zafin walda ya ƙone duk abin da ke kare bayan ƙarfen. In da hali a yi aikin da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙasan motar ya bushe sosai fenti zai kama.