Kurakuran da masu sayen tsoffin butocin shayi na azurfa ke maimaitawa

Na gaji da ganin yara suna shigo mini da buta a leda suna cewa, "Baba, dubi hatimi, azurfa ce tsantsa." Hatimi kala-kala ne, kuma yawancin butocin da ke yawo a hannun dillalan Katsina ruwan azurfa kawai aka yi musu.

Wannan kuskuren ni ma ya ci ni. Wani dillali ya kawo mini buta da mazubin sukari da na madara, ya rantse tun zamanin Sarki Dikko suke a gidansu. Na kifa butar, na ga ƙananan tambura huɗu a jere, jikina na rawa na biya kuɗin da ya kai na saniya. Sai da na samu gilashin ƙara girma na ga haruffan E, P, N, S ne, an yi musu ado kowanne a gidansa. Ma'anarsu farin ƙarfe da aka lulluɓe da azurfa ta hanyar lantarki, fasahar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a Bamingham a 1840. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Azurfar Ingila ta gaske, mai kashi 925 cikin 1000, tana ɗauke da zaki yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. In ba ka ga zakin nan ba, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. EPBM da A1 duk 'yan gida ɗaya ne da EPNS.

Na biyu, gaggawar karanta harafin shekara, wato harafin da ke cikin hatimi mai nuna shekarar da aka buga shi. Wallahi wannan yana ƙona mini rai. Mutum ya ga harafi ɗaya, ya buɗe waya, ya yanke cewa butar ta shekara ɗari biyu! Kafin 1975 kowane garin da ake buga hatimi a Ingila da nasa jerin haruffan, kuma in sun ƙare a sake zagayowa da wani salon rubutu da wata siffar gida. Saboda haka garin ake fara nema: kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Bamingham, kambi Shefil (kafin 1975). Ni sai na zana harafin da gidansa a takarda da hannuna kafin in duba jadawalin haruffan shekaru, don ido yana ganin abin da zuciya ke so. In akwai kan sarki ko sarauniya a jerin, galibi tambarin haraji ne, na tsakanin 1784 da 1890.

Kada ka duba buta kaɗai ka yarda da sauran. Kifa kowane mazubi, ka leƙa cikin murfi, don ana haɗa marayu a ce saiti ne. In ka ga lambar 800 (wato azurfa kashi 800 cikin 1000) da jinjirin wata da kambi a jikin wani, wannan na Jamus ne, ba na Ingila ba.

Sannan ku iyayen gida, don Allah ku daina dirje su da toka da yashi kamar tukunyar tuwo. Na ga buta ta gaske a Daura wadda aka goge zakinta har ya zama tabo, mai ita ya sayar wa maƙeri a kan nauyi. Ni ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi nake sawa, wajen hatimin kuwa babban yatsa nake ɗorawa in rufe shi har in gama.