Yadda za ka gyara bugunka a wasan golf in ka fara zuwa wurin mai koyarwa

Shekara biyu ina buga golf da ka, ba wanda ya nuna min komai, in aiki ya kai ni Yawunde sai in bi abokai zuwa filin da ke gindin dutsen Febe in yi ta dukan ƙasa, ƙwallo ɗaya ta tashi biyar su yi rarrafe, wadda ta tashin ma sai ta lanƙwashe dama kamar lauje ta shige ciyawa. Sai da na gaji da dariyar yaran da ke ɗaukar jaka sannan na nemi mai koyarwa, wani ɗan unguwar Birikitiri da shi ma da ɗaukar jakar ya fara tun yana yaro. Ranar farko ya bar ni na buga goma bai ce uffan ba, sannan ya ce "Alhaji, ba itace kake faskarawa ba fa." To abin da ya koya min ne zan jero maka yadda ya bi da ni, kuma da mai bugu da hannun dama nake magana, bahago sai ya juya komai.

Kafin komai ka ajiye babbar sandar nan mai ƙaton kai da kowa ke son ɗagawa a hoto. Doka ta yarda ka ɗauki sanda 14 a jaka amma a wata na farko ɗaya ta ishe ka, ta ƙarfe mai lamba 7, tsawonta da kwanciyar fuskarta duk tsaka-tsaki ne, in ka iya ta sauran ba za su ba ka wuya sosai ba.

Sai riƙo, kuma nan ne mutane suke ƙosawa don sun biya kuɗi suna so su ga ƙwallo a sama. Hannun hagu a sama, sandar ta kwanta a gindin yatsu ba tsakiyar tafi ba, in ka duba ƙasa ka ga ƙullin yatsu biyu ko uku na bayan hannun. Hannun dama ya zo ƙasa ya rufe babban yatsan hagu, ƙaramin yatsan dama ko dai ya hau tsakanin manuni da na tsakiya na hagu, wannan shi ake kira riƙon Vardon, sunan wani tsohon gwani da ya ci gasar Open sau 6, ko kuma ka sarƙe shi da manunin kamar yadda manyan gwanaye irin su Tiger Woods da Jack Nicklaus suke yi. Ni sarƙewar ta fi min don yatsuna gajeru ne. Laujen nan da ƙwallona ke yi ashe rabinsa daga nan yake, hannuna na hagu ya juya can ƙasa, fuskar sanda na isa ƙwallo a buɗe tana kallon dama. Kuma kar ka matse kamar za a ƙwace maka, in jijiyar damtsenka ta fito to ka wuce gona da iri.

Tsayuwa ba ta da dogon bayani. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka sunkuya daga ƙugu ba daga baya ba, gwiwa ta ɗan saki, hannaye su sauko da kansu, ƙwallo a tsakiya ko ta ɗan matsa hagu kaɗan. Saiti kuwa ka tuna layin dogon da ke kai mu Ngaundere, ƙarfe ɗaya ƙwallo ce da inda kake nufi, ɗayan kuma ƙafafunka, ba sa haɗuwa. Ka ajiye kara biyu a ƙasa ka gwada, wallahi za ka sha mamakin inda kake fuskanta alhali kana rantsuwa daidai kake.

Yanzu bugun kansa. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsu a gonar masakwa da majajjawa ya san ba ƙarfin damtse ke kai dutse nesa ba, juyi ne da sakin a lokacinsa, to haka sandar take, jikinka ne ke juyawa hannu igiya ce kawai. Ka ja sandar baya da kafaɗa da ƙirji gaba ɗaya, hannun hagu a miƙe amma ba a sandare ba, har bayanka ya kalli inda za ka buga, kafaɗa ta juya wajen digiri 90 ƙugu kuma kamar rabin haka. Saukowa daga ƙasa take farawa, nauyi ya koma ƙafar hagu, ƙugu ya buɗe, hannaye su biyo a ƙarshe. Ni da na saba sai in fara da kafaɗar dama in yanko ƙwallon daga waje, shi ne ɗaya rabin laujen. Sati uku malamin ya hana ni cikakken bugu, rabi-rabi kawai, hannu ya kai ƙugu a baya ya kai ƙugu a gaba, abin ya ba ni haushi ƙwarai amma a nan na fara jin ƙarar nan mai daɗi da sanda ke yi in ta samu ƙwallo a tsakiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da sandar ƙarfe ba ɗebo ƙwallo ake yi daga ƙasa ba, dukanta ake yi ƙasa-ƙasa, ƙwallo tukuna sannan ƙasa, kwanciyar fuskar sandar ce ke ɗaga ta. Kuma a nan mu mutanen Garwa muka fi na Yawunde sa'a, don da rani in Binuwai ta ja baya ga rairayi nan iya ganinka kyauta. Ka samu inda ya ɗan daskare, ka ja layi da yatsa, ka tsaya layin na tsakiyar ƙafafunka, ka yi ta bugu ba ƙwallo, duk ramin da sanda ta yi ya fara daga kan layin zuwa gaba. In ya fara a baya nauyinka ya maƙale a dama. Rairayi ba ya maka kara, nan take zai nuna maka. Sai dai ka je bayan asuba don a watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, kuma ka waiga kafin ka ɗaga sanda saboda yara na zuwa kallo su tsaya maka a baya.

In ka gama bugu ka tsaya cak ka ƙirga uku, cibiya na kallon inda ƙwallo ta tafi, dugadugin dama a sama, nauyi kusan duka a hagu. In kana tangaɗi to ka yi sauri. Masu ce maka "kar ka ɗaga kai" ka bar su da nasu, in ka danne kai bayan ƙwallo ta tafi jiki ba zai juya ba, wuya kawai za ka samu.

Tsakanin darasi da darasi ka bar sati ɗaya ko biyu, kuma ka roƙi malamin ya ba ka abu ɗaya tak da za ka tafi da shi. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya, sau ɗaya daga baya sau ɗaya daga gaba, don abin da kake ji kana yi daban abin da kake yi daban. Ƙwallo 40 da kake tsayawa ka sake saiti a kowace ta fi 150 da ka watsa a jere. Kuma ka shirya, wasanka zai fara lalacewa kafin ya gyaru, abokai za su ce kuɗinka ya tafi a banza, Tiger ma bayan ya ci gasar Masters a 1997 da ratar bugu 12 komawa ya yi wurin malaminsa Butch Harmon suka sake bugun, shekarar da ta biyo gasa ɗaya ya ci a jerin gasannin ƙwararru na Amurka da ake kira PGA Tour. Ni sai a darasi na shida malamina ya ce in ɗauko babbar sandar, ya matsar min da ƙwallo daidai dugadugin hagu, ya ce wannan kam sharo ta ake yi ba duka ba, na farko da na buga ta tafi dama, ta biyu ta miƙe.