Yadda ake amfani da samfurin gini na kwamfuta wajen kare gine-ginen tarihi kafin su lalace

Tsohon gini ba ya faɗuwa rana ɗaya. Indararo ne ke toshewa, ruwa ya kwanta a rufi, ya bi bango a hankali, katako ya jiƙe, bayan shekaru a wayi gari da ɓarnar da kuɗi kaɗan ba za su gyara ba. Rigakafi ya fi magani, shi ya sa tun 1973 aka kafa ƙungiyar Monumentenwacht a ƙasar Holan don zagayawa ana duba tsofaffin gine-gine a kai a kai. Samfurin gini na kwamfuta, wanda masana ke kira BIM, yana sauƙaƙa wannan aiki, domin kowane bango da ginshiƙi da taga yana da gurbinsa da bayanansa a ciki.

Ka fara da tattara abin da aka riga aka sani: tsofaffin zane-zane, hotuna, takardun gyare-gyaren baya, da bakin masu kula da wurin. Mutumin da ya shekara ashirin yana share ginin ya san kusurwar da ke yoyo.

Sai awo. Na'urar leza tana auna miliyoyin ɗigo a jikin gini, ta fito da surarsa daidai yadda yake. Idan babu ita, a ɗauki hotuna masu yawa, kowanne ya haɗa da wani ɓangare na wanda ya gabace shi, manhaja ta harhaɗa su. Jirgi marar matuƙi yana taimakawa wajen ɗauko saman rufi. Darajar wannan awo ta fito fili bayan gobarar cocin Notre-Dame na Faris a ranar 15 ga Afrilu, 2019: masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya riga ya auna cocin da leza, ɗigo sama da biliyan ɗaya, shekaru kafin wutar.

Daga ɗigon nan ake gina samfurin a manhaja irin su Revit ko ArchiCAD. A nan ne da yawa ke kuskure. Manhajojin an yi su ne don sabon gini mai miƙaƙƙen bango, tsohon gini kuwa ya karkace, ya jingina, wani wurin ya kumbura. Kada ka miƙar da shi a kwamfuta don ya yi kyau. Karkatar ita ce shaidar da za ka gwada da awon baɗi, ka gane ko bangon yana ci gaba da motsi.

Mataki mafi muhimmanci shi ne cusa bayanai. Ka bai wa kowane sashe lambarsa, ka rubuta da me aka yi shi, dutse ne, tubali ne, katako ko ƙasa, yaushe aka taɓa gyara shi kuma da wane kaya. Ka nuna inda tsaga take da faɗinta a milimita, inda gishiri ke fitowa, inda gara ta taɓa, kowanne da hoto da kwanan wata. Ka kasa lalacewar gida uku: ta gaggawa, wadda za ta jira wata shida, da wadda sa ido kawai take so.

Idan da hali, a liƙa ƙananan na'urorin auna laima da zafi da motsin tsaga, a haɗa su da samfurin. Katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari ya shiga haɗarin ruɓewa, gara a sani tun bai yi laushi ba.

Daga nan ka fitar da jadawali: share indararo kafin lokacin ruwan sama, duba rufi bayan kowace iska mai ƙarfi, cikakken zagaye sau ɗaya ko biyu a shekara. Duk wanda ya duba, ya shigar da abin da ya gani a ranar. Abin da ke ba ni takaici shi ne a kashe kuɗi a yi samfuri mai kyau, a nuna shi a taro, sannan a bar shi a kwamfutar mutum ɗaya har ya bar aiki. Don haka a naɗa wanda zai riƙa sabunta shi, a koya wa ma'aikatan wurin buɗe shi, a ajiye kwafi a tsarin IFC wanda manhajoji daban-daban ke iya karantawa, a wurare biyu aƙalla, ɗaya nesa da ginin.